Binciken da Yaya Ya Ɗora Mini

Binciken mai neman aure ba aiki ba ne da mutum ke nema wa kansa. Ɗora maka ake yi, kuma ba ka isa ka ce a'a ba. Ni Yaya ne ya ɗora mini, ta waya daga Kano, wata safiyar Lahadi ina tsaye a kicin ɗinmu na Fort Washington ina jiran ruwan shayi ya tafasa. 'Yarsa ta biyu ta zo ƙasar nan karatun aikin jinya, ta zauna a gidana har ta gama, ta sami aiki a wani asibiti. Ga shi yanzu wani yaro ɗan Zariya ya fito yana son ta da aure. Yaya ya ce, "Kai ne ubanta a can. Ka bincika mini shi ciki da bai. Abin da ka faɗa mini, da shi zan yi aiki."

A gida abin ba wuya. Ka shiga unguwar su yaro, ka zauna wurin mai shayi, ka yi sallar la'asar a masallacinsu, kafin magariba ka san kakansa, ka san ko akwai taɓin hankali a danginsu, ka ma san irin sabulun da yake wanka da shi. A nan kuwa yaron yana haya a wani dogon bene a Beltsville, inda maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa bai san ko mutum ne a ciki ko aljan ba. Duk da haka na yi iya yina. Na tambayi limamin masallacin da yake zuwa, na tambayi Baganan nan mai shagon naman halal, na tambayi wanda yake yi masa aski. Kowa bakinsa ɗaya: yana salla, ba ya sha, ba ya busa, idan an tashi daga masallaci shi ne mai kwasar tsofaffi a motarsa ya kai su gida. Har na fara jin haushinsa, don yaron da ba a same shi da aibu ko ɗaya ba yana sa ni zargi.

Batun sana'a kuwa, kowa cewa yake yana digirin digirgir a kan kwamfuta. Mu dai a wurinmu duk wanda ya taɓa kwamfuta injiniya ne, kamar yadda ni da nake duba jini da fitsari a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti kowa yake ce mini Dokta. Da na tambayi yarinyar, sai ta ce, "Baffa, tarihin wasannin intanet yake nazari." Na yi dariya har da tari. Na ce wato mutum ya baro Zariya, ya ƙetaro teku, don ya yi digiri a kan wasa? Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauka kunyar masoyi ce.

Aikina ya koya mini hali ɗaya, wanda matata take kira taurin kai: ba na sa hannu a sakamakon da ban gani da idona ba. Saboda haka da na ji a masallaci cewa yaron zai gabatar da lacca a jami'arsu, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa, sai na ƙudurta zuwa ba tare da na sanar da shi ba. Ban tsaya nan ba. Na kira abokina Alhajin Maraɗi, dattijo mai kamfanin manyan motoci a Manassas, na ce ya zo mu je mu yi wa yaronmu kara. A al'adarmu idan naka zai tsaya gaban jama'a, ai ba ka bari ya tsaya shi kaɗai kamar maraya. Muka ci ado, babbar riga da hula da turare, muka shiga zauren nan cike da Turawa masu wandon jins, muka wuce kai tsaye layin gaba. Alhaji kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, kuma dama dattijo ba ya zama a baya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri haka ba. Yaron yana gyara wayoyin majigi ya ɗago ya gan mu. Ya taho ya durƙusa har ƙasa a gaban malamansa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, da kun sanar da ni za ku zo." Na ce, "Je ka yi aikinka, mu ba baƙi ba ne." Har cikin raina na ji daɗin ladabinsa.

Aka rage haske, hoton farko ya hau allo. Zanen wata mace ce, irin zanen katun, an sa baƙaƙen layuka an rufe wuraren da ya kamata a rufe, amma ko makaho ya shafa ya san abin da aka rufe. Ashe wasannin da yake nazari na batsa ne, waɗanda ake bugawa a cikin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Alhaji Faransanci yake ji, Turancinsa na lissafin mota ne kawai. Ya matso da kunnensa mai lafiya ya ce da ƙarfi, "Dokta, mi yaka cewa?" Da hoto na gaba ya fito, bai ƙara tambaya ba. Ya cire hularsa ya yi ta duban cikinta kamar an rubuta masa saƙo a ciki, can ya miƙe ya ce zai je ya sabunta alwala, bai kuma dawo ba.

Ni na zauna. Ba don jarumta ba, sai don na ga mutum biyu masu babbar riga su fice daga layin gaba, ai ya fi zaman muni. Kunnena kuwa bai toshe ba, don haka na ji abin da yaron ya faɗa, kuma har yau yana kaina.

Ya ce abin ya faro ne tun zamanin da intanet take tafiya kamar jaki mai kaya, hoto ɗaya sai ya yi ta saukowa layi-layi. A lokacin akwai wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza, ita ce take sa zane ya yi motsi. Da ita samari masu zaman ɗaki, a ƙasashe daban-daban, suka riƙa ƙirƙirar ƙananan wasanni suna zubawa kyauta, ba suna, ba adireshi. Akwai na tseren mota, akwai na harbi, akwai kuma waɗannan, duk a shafi ɗaya kamar kayan gwanjo. Mai gadin ƙofar kawai wata tambaya ce da take fitowa, wai ka kai shekarun manya? Kowa ya danna e ya wuce. Na farko-farko ba su da wani labari. Daga baya aka fara yin masu labari, inda za ka yi aiki a cikin wasan, ka sayi kyauta, ka zaɓi kalmomin da za ka faɗa wa yarinya, maki yana taruwa har ta amince. Sai wayoyin hannu suka zo, ba su karɓi wannan manhaja ba, ta yi ta ja da baya har masu ita suka kashe ta a shekarar da annoba ta kulle mu a gida. Wasannin da suka dogara da ita, masu tsabta da marasa tsabta, suka kama hanyar ɓacewa. Wasu masu sa kai suka tashi suna kwashe su suna adanawa, gardama kuma ta kaure a tsakaninsu: a adana har da na batsa, ko a bar su su mutu? Shi yana cikin masu cewa a adana, a killace, a yi nazari. Aka yi masa tafi. Ni hannuwana suna cikin riga.

Na iske Alhaji a mota yana jan carbi. Muka hau babban titin da ya kewaye birni, cunkoso ya riƙe mu. Sai da na kusa sauke shi ya ce, "Dokta, ni ban ga komi ba." Na san Alhaji, mutumin kirki ne, amma ba ya ɓoye wa Hajiyarsa komai, ita kuma Hajiya tana da ƙawaye har Kano. Na gane cewa idan ban yi sauri ba, labarin zai riga ni isa kunnen Yaya, kuma zai isa da ƙafafu da fukafukai.

Ina shiga gida na kira yarinyar, na ce ta zo. Ta zo da kayan aikinta a jiki. Ban ko bari ta gama gaisuwa ba na ce, "Kin sani?" Ta ce ta sani tun farkon haɗuwarsu, shi ya faɗa mata da bakinsa. Ta ce, "Na yi ta ce masa ya zo ya same ka, Baffa, kunya ce ta hana shi." Na ce, "Kunya? Mutumin da ya tsaya gaban zaure guda yana nuni da sanda?" Matata ta tuntsire da dariya daga kicin, abin da ya ƙara tunzura ni. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baffa, ni ina son shi. Amma idan ka ce wa Abba a'a, ba zan tsallake maganarku ba." Da ta yi mini tsiwa da na fi samun sauƙi. Wannan biyayyar tata ta ɗora mini dukan kayan a ka, raina kuma ya ɓaci ƙwarai.

Ranar Asabar bayan azahar yaron ya zo. Muka zauna a barandar baya, inda ake hango bishiyoyin bakin kogi. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan matakala. Na bar shi a can, don ban huce ba. Na ce, "Duk ilimin da ke duniya, ka rasa abin da za ka tona sai shara?"

Ya ce, "Baba, in ba ku labari?" Na ce ina ji.

Ya ce lokacin da yake tasowa akwai wani shagon intanet kusa da gidansu, inda ake sayen lokaci a zauna gaban kwamfuta. Shi da abokansa a nan suka ci karo da waɗannan wasanni. Ya ce, "A gida ba wanda ya taɓa yi mini maganar mace. Babana ba zai iya ba, Mamata ba za ta iya ba. A Islamiyya an koya mana hukuncin wanka, aka tsaya nan. To wasan nan shi bai ji kunyarmu ba, shi ya zama malaminmu." Na ce me ya koya muku? Ya ce, "Ya koya mana cewa mace ba ta ƙi. Idan ta ce a'a, kai ne ba ka danna daidai ba, sai ka koma baya ka sake, ka ƙara kyauta, ka canza magana, dole ta yarda. Baba, sai da na girma sosai kafin in gane cewa a'a amsa ce cikakkiya. Cikin abokaina akwai waɗanda har yau ba su gane ba, kuma suna da mata a gida."

Ya ce waɗancan tsofaffin wasanni sun mutu, amma jikokinsu suna nan a cikin wayar kowa, sun fi su kyau, sun fi su wayo, an gina su ne don mutum ya kasa ajiyewa. Idan aka bar na farkon suka ɓace, ba mai iya nuna inda abin ya faro, ko ya bayyana wa iyaye da malamai irin karatun da 'ya'yansu suka sha ba da saninsu ba.

Na yi masa tambayar da ta fi damuna. Na ce, "Kana buga su?" Ya ce, "Ina bugawa, Baba. Ba zan rubuta a kan abin da ban gani ba." Na ce, "Kuma ba ya taɓa zuciyarka?" Na so ya ce a'a. Wallahi na so ya yi mini ƙarya in kama shi, in huta. Sai ya ce, "Wani lokaci yana taɓawa. Idan na ji haka sai in rufe, in fita. Na nemi shawarar malamai, wani ya ce in bari, wani ya ce in kiyaye. Ban ce muku na tsira ba."

Bayan ya tafi na daɗe a barandar. Na yi ƙoƙarin kwatanta aikinsa da nawa, tunda ni ma abin ƙyama nake dubawa don a gano cuta. Amma kwatancen bai zauna ba, domin fitsari ba ya kiran mutum ya ƙara kallo. Sai kuma tunanina ya tafi kan tarukanmu na nan, na suna da na salla, a gidajen Fort Washington da Manassas. Mu manya muna sama muna cin tuwo muna gardamar siyasar Najeriya, yara kuwa an tura su ɗakin ƙasa inda kwamfuta take, muna murna sun yi shiru ba su dame mu ba. Shekara da shekaru muna haka. Mu mutane ne masu kunya, ina kuma alfahari da ita, ba na fatan ranar da za mu rasa ta. Sai dai ranar na ga cewa inda muka yi shiru, ba shiru ne ya zauna a wurin ba, wani ne ya shigo ya yi magana. Wannan bai sa na ji aikin yaron ya kwanta mini ba. Na yarda da hujjarsa, jikina kuma bai yarda ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban sasanta su ba.

Matata ta ba ni mafita. Ta ce, "Malam, ka ce wa Yaya malamin jami'a ne mai binciken tarihin kwamfuta. Ƙarya ka yi?" Ba ƙarya ba ce. Idan labarin Hajiya ya isa, sai in ce sharrin mutane ne, Yaya kuma ni zai gaskata. Na juya maganar a raina, ta yi mini daɗi ƙwarai. Amma mutumin nan cewa ya yi ciki da bai, kuma 'yarsa ce.

Na kira shi da safe, lokacin su can sun idar da azahar. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi ciwon ƙafarsa, na tambayi ruwan sama, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Kai, faɗi abin da ke bakinka." Tsakanina da Yaya akwai shekaru masu yawa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ko kalmar aure ban taɓa furtawa a gabansa ba sai da dalili. Ranar na faɗa masa komai. Na fara da sallar yaron da ladabinsa, na zo kan laccar, na faɗi irin hotunan, na faɗi dalilinsa, na faɗi amsar da ya ba ni a baranda ba tare da na rage ko na ƙara ba.

Ya yi salati. Sannan ya ce, "Me ya sa ka gaya mini? Da ka ce malamin makaranta ne, ai da na yi barcina." Na ce, "Yaya, kai ka ce in bincika." Ya ce, "Na ce." Na ji yana numfashi, na ji kukan akuya a bayansa. Can ya ce, "Ni ban san wannan duniyar taku ba, ban kuma san wannan ilimin ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Da 'yar cikinka ce, za ka ba shi?"

Na buɗe baki, magana ba ta fito ba. Na ga yaron durƙushe a gaban malamansa, na ga hoton nan a allo, na ji muryarsa yana cewa bai ce ya tsira ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Yaya ya ce, "Layin ne ya yanke, ko kai ne ka yi shiru?" Da na ce layi ne, da ya yarda, don layin Kano kullum cikin yankewa yake. Na ce, "Ni ne, Yaya." Sannan na ce, "Zan ba shi. Yaron da ya faɗa mini gaskiyar da za ta iya hana shi aure, zan ba shi."

Ya ce, "To, ka ba shi. Kai ne waliyyi, ka ɗaura. Amma ka sani na ji shirun nan naka, kuma da shi zan zauna. Idan yarinyar nan ta yi kuka, ba shi zan tambaya ba."

An ɗaura auren a masallacin Beltsville, Alhajin Maraɗi yana sahun gaba, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen fatiha. Yaron ya gama digirinsa, yana koyarwa, har yanzu a kan wannan fanni yake rubutu, ni kuma ban taɓa buɗe ko shafi ɗaya ba. Yaya bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Suna zaune lafiya, iyakar abin da ido yake gani. Suna zuwa gaishe mu kusan kowane ƙarshen mako, shi ya tsaya ciro kaya a bayan mota, ita ta riga shi shigowa da sallama. Har yau, kafin in amsa mata, fuskarta nake fara dubawa.